Abubuwan da ya kamata ka sani game da faɗuwar abu da yadda kimiyya ke tantance gaskiya

Idan aka saki dutse babba da ƙarami daga saman bene a lokaci guda, wanne zai riga taɓa ƙasa? Yawancin mutane za su ce babban. Haka ma masanin Girka Aristotal ya koyar, aka kuma yi kusan shekara 2,000 ana karantar da hakan. Yadda aka gano kuskuren nan shi ne ke nuna mana abin da ake kira hanyar binciken kimiyya.

Mece ce hanyar binciken kimiyya?

Hanya ce ta raba zato da tabbas. Mai bincike zai lura da wani abu, ya yi tambaya, ya kawo hasashe, sannan ya shirya gwajin da zai iya ƙaryata hasashen nasa. Zai auna, ya rubuta abin da ya fito, ya bayyana wa wasu domin su maimaita. Idan gwaji ya saɓa wa hasashe, hasashen ake jefarwa, komai girman wanda ya faɗe shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kimiyya ta ƙara da cewa ganin ma sai an auna shi.

Hanyar tana da tsohon tarihi. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 kuma ya yi aiki a Alƙahira, ya kafa hujja da gwaje-gwaje a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske yana tafiya a miƙe, kuma daga abin da ake kallo yake shigowa ido.

Yaya Galileo ya gwada maganar Aristotal?

Abu yana faɗuwa da saurin da agogon zamanin Galileo ba zai iya aunawa ba. Sai Galileo na Italiya ya rage saurin: ya gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara, ya auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaye daga wani mazubi. Ya maimaita sau da yawa, ya ga cewa idan lokaci ya ninka biyu, nisan da ƙwallon ya ci yana ninkawa huɗu; idan ya ninka uku, nisan ya ninka tara. Ya wallafa wannan a 1638.

Yau mun san cewa saurin abin da ke faɗuwa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa. Dutsen da aka saki zai ci mita 4.9 a daƙiƙar farko, ya kai mita 19.6 a ƙarshen ta biyu. Nauyinsa ba ya cikin wannan lissafi.

To me ya sa gashin tsuntsu yake jinkiri?

Iska ce ke tare shi. Kai ma za ka iya gwadawa: ɗauki takarda biyu iri ɗaya, ka dunƙule ɗaya, ka sake su tare. Nauyinsu ɗaya, amma dunƙulalliyar za ta riga sauka. Abu guda kawai ka sauya, wato siffa, kuma wannan shi ne ƙashin bayan gwaji mai kyau. A watan Agusta 1971, ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin shaho a duniyar wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare.

Me Newton ya ƙara?

Galileo ya faɗi yadda abu ke faɗuwa. Isaac Newton na Ingila ya bayyana dalili a 1687. Ya nuna cewa abu ba ya sauya gudunsa ko alƙiblarsa sai wani ƙarfi ya yi aiki a kansa, kuma ƙarfin da ke janyo dutse ƙasa shi ne ke riƙe wata yana kewaya duniya. Ƙasa tana jan babban dutse fiye da ƙarami, amma babban ya fi wuyar motsawa daidai gwargwadon haka. Shi ya sa suke sauka tare.

An rufe magana ke nan?

A'a. Lissafin Newton ya ɗan kauce a kan kewayen duniyar Makuri, sai Albert Einstein ya warware matsalar a 1915. Duk da haka, injiniyoyi suna gina gadoji da harba tauraron ɗan'adam da dokokin Newton har gobe, domin gyaran ya nuna iyakarsu ne kawai.

Saboda haka, ɗalibi da malami, kada fiziks ya tsaya a haddar allo. Duk wanda ya kawo maka da'awa a kan magani, taki ko na'ura, ka tambaye shi: yaya aka gwada, me aka auna, kuma wa ya maimaita ya sami sakamako iri ɗaya?