Gaskiya da ƙarya a zancen haɗa kwamfutar gem

Wanda duk ya yi niyyar haɗa kwamfutar buga gem da hannunsa, kafin ya sayi ko da noti ɗaya kunnensa ya cika da shawarwari. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa tun shekara goma da suka wuce suka daina zama gaskiya amma ana ta maimaita su. Abin da ke damuna shi ne, yawancin masu faɗawa tarkon matasa ne da suka daɗe suna tara kuɗin.

Mu fara da wadda ta fi yawo: wai a furosesocin Intel i7 ya fi i5, i5 ya fi i3, magana ta ƙare. Wannan gaskiya ce idan furosesocin 'yan zamani ɗaya ne. Core i7-3770 ya fito a 2012, Core i3-12100 kuma a 2022, kuma a wajen gem wannan i3 ɗin ya bar wancan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Lambar da ke bayan karan ita ke faɗin zamani, don haka idan mai shago ya ce maka "i7 ne", ka tambaye shi na wane zamani. Akwai kuma wani dalili: a hukumance Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan furosesocin Intel da ke ƙasa da zamani na 8, ga shi kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.

A wajen katin hoto, wato girafik kad, nan ne aka fi tafka asara. Ana cewa mai gigabait da yawa shi ne mai ƙarfi. Ƙarya ce. Gigabait ɗin kati kamar bodin mota ne, yana faɗa maka yawan kayan da za ta ɗauka, amma gudu aikin inji ne, injin kuwa shi ne guntun da ke tsakiyar katin. GT 730 mai gigabait 4 bai kama ƙafar GTX 1060 mai gigabait 3 ba. RTX 3060 na da 12, RTX 3060 Ti na da 8, amma mai 8 ɗin ya fi sauri. Inda zancen ke da ƙamshin gaskiya shi ne, wasu sababbin gem idan aka ƙure musu kyan hoto suna cinye gigabait 8 har su nemi ƙari, sai wasa ya riƙa sarƙewa. To, a fara duba sunan katin, a nemi gwajin da aka yi masa a kan gem ɗin da ake son bugawa, sannan a dubi gigabait.

Batun katin jabu kuwa gaskiya ne. Ana ɗaukar tsohon kati irin GTS 450 na 2010, a sauya masa manhajar da ke cikinsa, sai ya riƙa nuna wa Windows cewa shi GTX 1050 Ti ne. Kama da wane ba wane ba ne. Idan ka ga katin da aka ce GTX 1050 Ti ne amma yana da shuɗin ramin VGA, ka yi hattara, domin katunan wannan zamanin sun bar wannan hanyar. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma tana tona asirin da yawa daga cikinsu.

Sai katunan gwanjo da aka haƙi kirifto da su, waɗanda suka cika kasuwa bayan Ethereum ta daina amfani da haƙa a Satumbar 2022. Cewa duk matattu ne wuce gona da iri ne. Abin da ya fi gajiya a jikinsu fanka ne da man da ke tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya, kuma duka ana canza su. Amma kada ka biya sai an kunna gem mai nauyi a gabanka na kamar rabin awa, kana kallon zafi, kana duba ko hoto zai yi zane-zane.

Fawa saflai shi ne abin da aka fi rainawa, kuma a ganina shi ya fi cancantar a kashe masa kuɗi. Wasu na gudun mai wat 750 wai zai sha musu wuta. Ba haka yake ba, iya abin da kwamfutar ta nema yake ja. Tambarin 80 Plus kuma shaida ce ta rashin ɓarnar wuta, ba ya nufin kayan cikinsa nagari ne. Abin tsoron gaske shi ne mai arha marar suna, wanda aka rubuta masa wat 600 alhali ba zai iya bayarwa ba. Ranar da ya ƙone yana iya tafiya da madabod da kati. A wajenmu da wuta ke hawa da sauka, ana tsalle daga NEPA zuwa janareta ko inbata, haɗarin ya ninka, don haka UPS mai kyau yana cikin lissafi tun farko. Masu sayen tsohuwar kwamfutar ofis don su sa mata babban kati su ma su lura: da yawa daga cikin irin su Dell OptiPlex suna da ƙaramin fawa saflai da soket na kansu, ga akwatin ya matse.

Ana kuma cewa ba a ƙara ƙarfin kwamfuta sai an canza komai. Ya danganta da madabod. Soket ɗin AM4 na AMD ya ɗauki Ryzen tun daga na 2017 har zuwa Ryzen 7 5800X3D na 2022, don haka mai madabod B450 yana iya sabunta BIOS ya ɗora Ryzen 5 5600 ba tare da ya taɓa sauran kayan ba. Abin da yake gaskiya shi ne RAM na DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, ko da an danna da ƙarfi. Soket ɗin AM5 kuwa DDR5 kaɗai yake karɓa.

Yawan RAM ma an zuzuta shi. Gigabait 16 ya ishi mafi yawan gem, 32 ya ba da sarari, abin da ya wuce haka ba ya ƙara gudun wasa. Sanda biyu masu 8 sun fi ɗaya mai 16, domin hanya biyu suke buɗewa. SSD yana rage jiran buɗewa sosai, amma da wuya ya ƙara santsin hoto.

Zafi kuwa, digiri 70 zuwa 80 ana tsakiyar wasa ba matsala ba ce. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka ita ce abin lura, a riƙa hure ta lokaci-lokaci.

Mai karatu, idan za ka shiga kasuwa, rubuta cikakken sunan kowane kaya da lambarsa a takarda, ka ware kaso mafi tsoka ga katin hoto, kada ka rage kuɗin fawa saflai, kuma kada ka miƙa ko sisi sai an kunna maka ka gani da idonka.