Wayarka Tana Kama 5G Kuwa? Kada Ka Tambayi Kwali

Wani abokina ya kira ni ran nan yana murna, wai shi ma ya shiga sahun masu 5G. Na ce ina shaida? Sai ya turo mini hoton fuskar wayarsa. Ashe sunan wayfai ɗin ofishinsu ne, an liƙa masa "5G" a ƙarshe. Na yi dariya har ya ji haushi. Wancan na jikin wayfai yana nufin gigahaz 5, zangon da na'urar take watsa sabis a cikin ɗaki, kuma ya daɗe a duniya kafin a fara zancen 5G na layin waya. Na layin waya kuwa ma'anarsa zamani na biyar na sadarwar wayar hannu. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kamar Audu biyu a unguwa.

Ba abokina kaɗai wannan ruɗani ya kama ba, kuma ba laifin talaka ba ne. A Amurka ma, a 2019, kamfanin AT&T ya riƙa nuna wa masu layinsa alamar "5G E" a saman waya, alhali sabis ɗin 4G ne da aka ƙara wa ƙarfi. Sai da abokan hamayyarsa suka yi ta ƙorafi. In babban kamfani zai yi wasa da alama, ina ga mai haɗa wayar jabu da ba ka san daga ina ta fito ba? Rubuta 5G a kwali, ko sa ta ta bayyana a kusurwar fuskar waya, ba ya cin ko sisi.

Abin da ke kama 5G wani sashe ne a cikin ƙwaƙwalwar waya, tare da eriyoyin da aka dasa mata tun daga masana'anta. In ba a sa shi ba, babu manhajar da za ka sauke ta kawo shi, babu lambar sirrin da za ka danna, babu mai gyaran da zai "buɗe" maka shi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar rediyo mai gajeren zango da matsakaici ya san wannan: ko ka murɗa ta har maɓallin ya fita, ba za ta kamo tashar FM ba. To haka waya take. Manhajojin da ake tallatawa wai suna mayar da 4G ta koma 5G, iyakarsu su canza maka hoton alama, su cika ka da talla, wasu su kwashi bayananka a ɓoye.

Hanya mafi sauƙi ta dubawa ita ce saitin wayar. A wayoyin Android, shiga saiti, ka nemi wurin da ake kula da layi da sabis, sannan ka taɓa inda aka rubuta "Preferred network type", ko "Network mode" in Samsung ce. Jerin zai fito: 2G, 3G, 4G ko LTE, da 5G in akwai. A iPhone kuwa, hanyar ta bi ta "Cellular" ko "Mobile Data", zuwa "Voice & Data", inda za ka ga "5G Auto" da "5G On". Masu iPhone ma sun huta da dogon bincike: 5G ta fara ne daga iPhone 12, wadda ta fito a watan Oktoba na 2020. Duk abin da ya gabace ta, har iPhone 11 Pro Max da mutane ke ji da ita, ba ya kama 5G. A ƙananan da ake kira SE, ta 2022 tana da shi, ta 2020 ba ta da shi.

Sai dai saiti yana da tarko, kuma a nan mutane da yawa suke yanke hukunci da wuri. Ganin 5G a jerin nan alama ce mai kyau. Rashin ganinta kuwa ba hujja ba ce. Wayoyi da dama ba sa nuna zaɓin sai an sa musu layin kamfanin da ke da 5G, wasu kuma sai an sabunta manhajarsu. Na ga wayar da mai ita ya fid da rai, har yana shirin sayarwa, aka cire layin da ke ciki aka sa na wani kamfani, aka kashe aka kunna, sai ga 5G ta fito a jeri. Masu gyara sukan danna *#*#4636#*#* su leƙa wani ɓoyayyen shafi inda 5G take zuwa da sunan NR. Ba a kowace waya lambar take aiki ba, Samsung da yawa ba sa amsa ta, kuma ban ba wanda bai saba ba shawarar taɓa komai a wurin. Kallo kawai.

Ni a ganina, shaidar da ba ta ƙarya ita ce lambar ƙirar waya, ba sunanta na kasuwa ba. Dalili kuwa, kamfanoni sun ɗauki wata ɗabi'a ta fitar da waya biyu da suna kusan ɗaya. Akwai Galaxy A15, akwai Galaxy A15 5G. In ka ajiye su a kan teburi ɗaya da kyar ka bambance. Amma ka shiga "About phone" ka duba: wadda lambarta ta fara da SM-A155 ta 4G ce, mai SM-A156 ita ce ta 5G. Lamba ɗaya tal ta raba su, kuɗinsu kuwa da tazara. Haka A14 take, 145 da 146. Haka Tecno ta yi da Camon 20 Pro, haka Infinix ta yi da Note 30, haka Redmi Note 12. Saboda haka in mai shago ya ce maka "ai wannan samfurin yana da 5G", bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Tambayar ita ce, wadda ke hannunka wacce ce a cikin tagwayen? Kwafi lambar, ka rubuta ta a intanet, ka karanta abin da shafin kamfanin da ya ƙera ta ya ce.

Wanda ya ɗan goge a harkar zai iya ganewa tun daga sunan ƙwaƙwalwar. Kamfanin MediaTek, wanda ƙwaƙwalensa suka cika wayoyin da muke saye, ya raba su gida biyu: masu suna Dimensity na 5G ne, irin su Helio G99 kuwa, duk saurinsu a wasa, 4G ne. A ɓangaren Snapdragon, 680 da 685 na 4G ne, 695 na 5G. In aka ce maka wayar Helio G99 gare ta kuma tana kama 5G, ajiye ta ka yi gaba.

A kasuwa, ko a Farm Centre ta Kano ne ko Computer Village ta Ikeja, akwai abu guda da bai kamata a bari ba kafin a ƙirga kuɗi. Danna *#06#. Lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, kwalin ba na wayar ba ne, kuma duk abin da aka rubuta a jikinsa labarin wata wayar yake ba ka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Shi ma zai miƙo maka kwalin da kansa.

Yanzu a ce wayar ta tabbata mai 5G ce. Saura zango. Kowace ƙasa da zangon da ta ware wa kamfanoninta. A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 a watan Disamba na 2021, MTN da Mafab suka ci, kowanne a kan dala miliyan 273.6. MTN ta fara aiki da shi a 2022, Airtel ta sami nata lasisin daga baya ta fara a 2023. A takardar bayanin waya, wannan zangon shi ake rubutawa n78. Shi za ka nema a jerin da kamfanin ya bayar. Sabuwar wayar da aka kawo don kasuwarmu, da wuya ta rasa shi. Inda ake samun matsala shi ne wayoyi na hannu da ake shigowa da su daga waje, musamman waɗanda wani kamfanin layi na Amurka ya sa aka ƙera masa, domin can sun fi dogara da wasu zangunan daban. Waya tana iya zama mai 5G ta gaske a garin da ta fito, ta zo nan ta zama kurma. Wasu kuma a kulle suke, ba sa karɓar layin kowa sai na kamfaninsu. Tun da zancen ya zo, mai sayen iPhone 14 ko ta bayanta ƙirar Amurka ya sani ba ta da ramin sa layi ko ɗaya, sai layin da ake saukewa ta manhaja. Na ga wanda sai da ya isa gida ya ɗauko allura yana neman ramin.

Layi shi ne mafi sauƙin lamari. Yawancin 5G da aka fara da ita a duniya a kan kafaɗar 4G take tsaye, don haka layin 4G yakan wadatar. Wanda yake riƙe da tsohon layi tun zamanin 3G shi ne zai je ofishin kamfani a sauya masa, lambarsa ba za ta canza ba.

Abu na ƙarshe ba ya hannunka, wato turken sabis. Biranen da MTN ta ambata tun farko su ne Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, kuma ko a cikinsu ba kowace unguwa ba. Zangon 3.5 yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya tafiya nesa, kuma bango yana rage masa ƙarfi. Shi ya sa za ka ga 5G a ƙofar gida, ka shiga ƙuryar ɗaki ta koma 4G. Wannan ba lalacewar waya ba ne. Kamfanonin suna da taswirar wuraren da sabis ɗinsu ya kai a shafukansu, amma na fi yarda da gwaji: ka ari wayar wani da ka tabbatar tana kamawa, ka zaga da ita gidanka da wurin sana'arka.

To ya cancanci ƙarin kuɗin? In rayuwarka a garin da 5G ba ta je ba take, kuma wayar shekara ɗaya ko biyu za ta yi a hannunka, ni da na sa kuɗin a babban batir da wurin ajiya mai yawa. WhatsApp da kiran bidiyo ba su gagari 4G mai kyau ba. In kuwa a Kano ko Abuja kake, kana ɗora bidiyo ko kana raba wa kwamfuta data, kuma kana son wayar ta kai ka shekara huɗu, to nemi mai n78. Ka dai shirya wa abu biyu. Caji zai riƙa sauka da wuri, musamman inda sabis ɗin ke zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa "5G Auto" ta fi "5G On" tausayin batir. Data kuma za ta riƙa ƙarewa kamar ana zuƙe ta, ba don ana sata ba, sai don YouTube da ire-irensa da zarar sun ga hanya ta buɗe sukan ɗaga ingancin hoto da kansu. Shiga saitinsu ka mayar da shi 480 ko 720.

Abokin nawa dai mun duba tasa daga baya. SM-A145 ce.