La Val: Ƙauyen Da Ya Riƙe Harshensa A Kan Duwatsun Italiya

A can arewacin ƙasar Italiya, kusa da iyakar Ostiriya, akwai waɗansu dogayen duwatsu farare da ake kira Dolomit. A cikin kwaruruka biyar na tsakaninsu akwai wata ƴar ƙabila, ba ta fi mutum 30,000 da ɗoriya ba, mai magana da harshen Ladin. Asalin harshen nan daga Latin ne, watau bakin Rumawa waɗanda suka ci ƙasar shekara 15 kafin haihuwar Annabi Isa. Yau za mu ba masu karatu labarin ƙauyensu ɗaya, La Val, a kwarin Badiya, wanda Jamusawa ke kira Wengen.

Ƙauyen yana bisa gangare, tsawon wurin daga bakin teku ya kai wajen ƙafa 4,400, mutanensa kuwa ba su kai 1,500 ba. A ƙidayar 2011 an tarar cikin kowane mutum 100 fiye da 97 Ladin suke yi, babu garin da ya kai shi a lardin duka.

Gidajen manoma ba a warwatse suke ba. Tun zamanin da suna gina su ƙungiya ƙungiya, gida uku ko biyar ko fiye, su kira wurin “vila”. Ƙasan gida na dutse, samansa na katako, ga rumbun ingirici da turken shanu a gefe. Kwamin ruwa ɗaya ne, tanderun gasa burodi ma ɗaya ne na kowa da kowa. Dalili kuwa shi ne ƙasar noma kaɗan ce, ba a yarda gini ya cinye ta. Don haka ne ma dokar lardin ta hana a raba irin waɗannan gonaki wajen gado: ɗa guda ke ɗauka, ya biya ƴan’uwansa rabonsu da kuɗi.

A da suna shuka sha’ir da wake, amma yanzu ciyawa ce amfanin gona. Da bazararsu akan hau makiyayar Armentara a yanke ta, inda inji ba ya iya shiga sai a sa lauje, a shanya, a tara, gama shanu za su yi wata da watanni a ɗaki idan ƙanƙara ta rufe ƙasa. Madara kuwa mota ke kwashe ta zuwa ma’aikatar ƙungiyar manoma. Amma fa saniya goma ba ta riƙe gida a zamanin nan, ko da Gwamnatin lardi tana ba manoman dutse taimako.

To, me ya hana su watsewa? Hanya ce ta fara buɗe musu ƙofa, da aka gama ta cikin 1892. Daga baya baƙi suka yi ta zuwa wasan zamiya kan ƙanƙara a Korbara da La Ila, ƙauyukan da ke gaba kaɗan. La Val ba ta kafa injin jan masu zamiya ba, sai ta zama garin kafintoci da magina, masu gina masaukan maƙwabta, su komo gida da yamma. Matan gida kuma suna ba da hayar ɗakuna ga masu yawon ƙafa. Mutum ɗaya sai ya tatsi shanu da asuba, ya wuni a wurin sana’a.

Harshen ma ya sha wuya. Bayan Yaƙin Duniya na Farko aka cire ƙasar daga Ostiriya aka ba Italiya cikin 1919, gwamnatin Musolini kuwa ta ce Ladin karin Italiyanci ne kawai. Tun 1948 makarantunsu ke koyar da rabin darussa da Italiyanci, rabi da Jamusanci, a ba Ladin ƴan sa’o’i a mako, cikin 1989 kuma aka shigar da shi ofisoshi. Yaro yana tashi da harshe uku.

Duk da haka doka ba ta isa ta raya harshe ba. Muddin saurayi na samun abin da zai ci a garinsu, ya yi aure a nan, Ladin ƴaƴansa za su fara ji. Ran da ladan yankan ciyawa ya kasa, matasa suka gangara birni, daji zai rufe makiyaya, harshen kuma ya bi su ya narke cikin Jamusanci da Italiyanci.