Lambar P0171 a babur mai ƙafa uku: me ya sa take dawowa bayan an goge ta?

A Nima da Maamobi da ke birnin Accra, babur mai ƙafa uku ya daɗe da zama hanyar cin abinci. Na ɗaukar kaya, wanda ake kira aboboyaa, shi ke kwashe shara daga lungunan da babbar mota ba ta shiga; na fasinja kuwa ana ce masa pragya a Ghana, a Kano adaidaita sahu. Yawancinsu kabireta gare su. Amma tun da Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, ta tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilun 2020, ana ƙara ƙera injuna masu fesa mai da nozul, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa. Irin wannan injin ne ke kunna fitilar gargaɗi, a jona na'urar gwaji ta nuna P0171.

Ma'anar lambar ita ce iska ta rinjayi mai. Injin fetur yana son kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na mai. Sensar da ke jikin bututun salansa tana auna iskar oksijin da ta saura a hayaƙi. Idan ta yi yawa, kwamfuta ta ƙara mai, har ta kai iyakarta, sai ta kunna fitila. Ke nan sensar rahoto ta kawo. Duk da haka abin da bakanike, ko fita kamar yadda ake cewa a Accra, ya fi saurin yi shi ne ya tura mai babur kasuwar Abossey Okai sayen sabuwar sensa, ko ya cire kan batir don lambar ta goge. Bayan kwana biyu fitila ta dawo.

Jinkirin yana da tsada. Ƙarancin mai yana sa injin zafi fiye da kima, kuma da yawa daga cikin waɗannan baburan iska ce ke sanyaya su. Ga lodi, ga cunkoson titin Nima: bawul na iya ƙonewa, fistin na iya lalacewa. Direban da ya karɓi babur bisa sharaɗin biya kullum, shi ne zai ji a jikinsa.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: yaushe matsalar ta fi tsanani? Na'urar gwaji mai kyau tana nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 ya zauna a can, akwai magana. In adadin ya yi sama a silo, ya sauka da an ja totur, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. A duba robar da ta haɗa maƙogwaron totur da kan injin, wadda zafi ke tsattsagawa, da gaskit ɗinta, da ƙananan tiyo. Ana fesa ɗan maganin wanke kabireta a mahaɗar. Idan ƙarar injin ta canza, an gano wurin. Maganin yana kama wuta, don haka a yi gwajin kafin injin ya yi zafi sosai.

In kuwa a silo lafiya lau, sai an yi lodi ko an hau tudu injin ya riƙa shaƙewa, mai ne ba ya isa. A nan an fi samun filta ta toshe, ko famfon mai ya gaji, ko nozul ya yi datti. Man galan na bakin hanya, da ruwan da ke shiga tanki a daminar Mayu da Yuni, da ƙurar hunturu duk suna da hannu. Jin kukan famfo da kunne ba gwaji ba ne. Sai an sa ma'auni an kwatanta ƙarfinsa da abin da kamfani ya rubuta, an kuma tabbatar wuta na isa gare shi sosai, domin wayar da ta yi tsatsa tana rage masa ƙarfi.

Akwai kuma lokacin da injin lafiyarsa ƙalau. Bututun salansa da ya tsage kafin wurin sensa, ko waldar da ba ta kama ba, yana zuƙo iskar waje, sensa ta ɗauka mai ne ya yi kaɗan. Fulogi ke raba gardama: fari fat alamar ƙarancin mai ne na gaske, baƙi mai toka kuwa yana nuna kwamfuta tana ta ƙara man da ba a buƙata.

Sai an wuce duk waɗannan ake tuhumar sensar. Mai lafiya, idan ta yi zafi, wutarta tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, wadda ta maƙale a ƙasa ko da an ƙara mai, a duba wayarta tukuna, sannan a canza ta. Bayan gyara a goge lambar, a yi lodi, a yi tafiya sau da dama, a sake jona na'ura a ga ko man da ake ƙarawa ya dawo kusa da sifili.