Yini Guda a Hamadar da Ke Bayan Las Vegas

Duk wanda ya taɓa jin sunan Las Vegas, abin da kan fara faɗo masa a rai shi ne gidajen caca, da manyan otal-otal, da fitilun da ba a kashewa har gari ya waye. Gaskiya ne kuwa, domin tun daga 1931, sa'ad da jihar Nevada ta halatta caca, da wannan sana'a birnin ya yi suna, har ya kai baƙi wajen miliyan 40 suke kwarara cikinsa kowace shekara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, birnin yana zaune ne a tsakiyar hamadar Mojave, inda ruwan saman shekara guda bai wuce inci 4 ba, watau kusan daidai da na Agadas. Baƙon da ya ɗauki hayar mota ya fita bayan gari da sassafe, kafin magariba zai fahimci birnin fiye da wanda ya yi mako guda yana zaga titunansa.

Sunan kansa ma labarin ruwa ne. Da harshen Sifaniyanci ma'anarsa fadamu, saboda waɗansu idanun ruwa da ke wurin, inda matafiya kan yada zango su shayar da dabbobinsu. Saboda ruwan nan ne kamfanin jirgin ƙasa ya kafa garin a 1905. A farkon shekarun 1960 idanun ruwan suka ƙafe, rijiyoyin burtsatse sun zuƙe su.

Wuri mafi kusa da baƙi kan fara zuwa shi ne Red Rock, watau Jan Dutse, mil 17 yamma da birnin. An shimfiɗa hanyar mota mai tsawon mil 13 wadda ta ratsa gindin duwatsun, mutum ya tsaya inda ya ga dama, ya taka da ƙafa, masu ƙarfin zuciya kuma su hau da igiya. Masana sun ce duwatsun nan tuddan rairayi ne na wata tsohuwar hamada, shekaru kamar miliyan 180 da suka shige, waɗanda suka daskare suka zama dutse, jan launin kuwa tsatsar ƙarfen da ke cikin yashin ce. A nan mutum kan ci karo da jakunan jeji, jikokin waɗanda masu haƙar ma'adinai suka saki da aikinsu ya ƙare. Mil 50 arewa maso gabas kuma akwai Valley of Fire, Kwarin Wuta ke nan, inda mutanen ƙasar na asali suka bar zane-zane a jikin duwatsu, waɗansu sun haura shekara 2,000. Wanda zafi ya dame shi, cikin sa'a guda zai iya kaiwa tsaunin Charleston, mai tsayin ƙafa 11,916, inda ƙanƙara ke sauka da hunturu.

Amma wurin da ya fi jan hankalin baƙi, ya kuma fi haɗari, shi ne Death Valley, Kwarin Mutuwa, tafiyar sa'a biyu da wani abu zuwa yamma, cikin jihar Kalifoniya. A can ne ƙasa ta fi zurfi a duk Amurka ta Arewa, ƙafa 282 ƙasa da leɓen teku, fili ne fari fat na gishiri iyakar ganin ido. Da yake kwarin yana da zurfi, duwatsu kuma sun yi masa katanga, iska mai zafi ba ta samun mafita, sai ta tashi ta sake komowa ƙasa tana ƙara gasuwa. A ranar 10 ga Yuli 1913 aka rubuta zafin digiri 56.7 na ma'aunin sentigireti, ko da yake akwai masanan da ke shakkar wannan awo. A 2020 da 2021 an sami digiri 54.4.

Abin mamaki, wannan zafin shi ne ke kiran waɗansu, su je su ɗauki hoto kusa da allon da ke nuna awon. A ganina wannan wasa ne da rai. Cikin Yuli 2024, a makon da zafin Las Vegas kanta ya kai digiri 49 karo na farko a tarihinta, wani mahayin babur ya mutu a kwarin, jirgin sama mai saukar ungulu kuwa ya kasa zuwa ɗaukar marasa lafiya, domin idan iska ta yi zafi haka ta kan yi sakayau har fikafikansa su rasa abin kamawa. Gargaɗin ma'aikatan wurin ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san hamada: a sha ruwa galan guda a yini, kada a yi tafiyar ƙasa bayan ƙarfe goma na safe, in mota ta lalace kuma a zauna wurinta har taimako ya zo. Kada kuma a yi zango cikin busasshen rafi. A Agustan 2022, ruwan 'yan sa'o'i ya yanke hanyoyi, ya tsare mutum wajen 1,000 a kwarin.

To, daga ina birni mai mutum fiye da miliyan biyu yake sha? Amsar tana mil 30 kudu maso gabas, wurin madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gina kan kogin Kolorado tsakanin 1931 da 1936. Tsayinta ƙafa 726 ne, bisa ƙididdigar hukuma kuma ma'aikata 96 suka rasa rayukansu wajen aikin. Ruwan da ta tare shi ya zama tafkin Mead, wanda ke ba Las Vegas kashi 90 cikin 100 na ruwanta. Jama'a kan je su yi iyo, su tuƙa kwalekwale, su kama kifi. Sai dai duk mai ido zai lura da wani farin zobe da ya kewaye duwatsun bakin tafkin, mai tsayin bene hawa goma da ɗoriya. Shi ne alamar inda ruwa yake tsayawa a da.

Dalili kuwa shi ne, a 1922 jihohi bakwai suka raba kogin a tsakaninsu, suka yi lissafi da shekarun da ruwa ya yi albarka ƙwarai, saboda haka suka raba fiye da abin da kogin ya saba kawowa. Sa'an nan tun daga 2000 fari ya kafa sansani. A Yulin 2022 tafkin ya sauka zuwa kashi 27 cikin 100 na cikarsa, abin da ba a taɓa gani ba tun 1937. Tsofaffin jiragen ruwa suka bayyana cikin laka, har da gawar wani mutum cikin durom.

Adalci ne a faɗa cewa ba Las Vegas ce ta shanye kogin ba. Rabon Nevada bai kai kashi 2 cikin 100 ba, mafi yawan ruwan gonaki ke tafiya da shi. Kusan duk ruwan da aka yi amfani da shi cikin gida a birnin a kan tace shi a mayar tafkin, hukuma kuma tana biyan masu gidaje kuɗi don su tuge ciyawar ƙofar gidansu. A 2015 aka gama haƙa bututu na uku, wanda ke jan ruwa daga can ƙarƙashin tafkin, ko da zai ƙara ja da baya.

A ƙuryar tafkin ta arewa akwai kufan wani ƙauye mai suna St. Thomas, wanda ruwa ya haɗiye a 1938, mutumin ƙarshe da ya bar shi a kwalekwale ya fita. Da tafkin ya janye a farkon shekarun 2000 ƙauyen ya sake fitowa. Yanzu har an yi masa turba, baƙi kan ajiye mota su taka da ƙafa, su ga tushen makaranta da bakin rijiyoyi, kowa riƙe da gorar ruwansa.