Awon Ƙara Kafin Ba Da Izinin Gina Gidajen Kwana a Ingila

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wani sharaɗi da hukumomin tsara gari na Ingila kan gindaya wa mai neman izinin gina gidajen kwana, watau ya kawo rahoton awon ƙarar da ke wurin, muddin filin yana dab da babbar hanya, ko layin dogo, ko filin jirgin sama, ko masana'anta. Abin da ake kāre wa shi ne barcin waɗanda za su tare a gidan, domin bincike ya daɗe da danganta yawan ƙara da rashin barci da hawan jini da ciwon zuciya.

Yadda akan yi shi ne, masanin sauti ya kafa na'urarsa a filin, ta yini ta kwana tana ɗaukar ƙara, wani lokaci har kwanaki. An kasa yini kashi biyu: rana daga ƙarfe 7 na safe zuwa 11 na dare, sa'an nan dare daga 11 zuwa 7 na safe. Ma'aunin kuwa ana kiransa desibel, kuma lissafinsa ba irin wanda muka saba ba ne. Alal misali, in yawan motocin da ke bin hanya ya ninka biyu, desibel 3 kaɗai ke ƙaruwa; sai an sami ƙarin desibel 10 kunne ke jin kamar ƙarar ta ninka.

Ƙa'idar da aka fi dogara da ita ita ce BS 8233, bugun 2014, wadda ta bi sawun shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1999. Ta ce matsakaicin ƙara a falo da rana kada ya wuce desibel 35, a ɗakin kwana da dare kuma 30. A lambun gida an fi son 50, amma akan jure har 55. Sai dai matsakaici yana da ɓoye gaskiya. Jirgin ƙasa guda ɗaya da zai wuce da tsakar dare ya isa ya ta da mutum, ko da sauran daren tsit yake. Saboda haka jagorar ProPG, wadda ƙungiyoyin masana sauti da jami'an lafiyar muhalli suka fitar a 2017, ta ce ƙarar da ta haura desibel 45 a ɗakin kwana kada ta yawaita fiye da sau 10 a dare.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Duk waɗannan alƙaluma na cikin ɗaki ne, kuma tsakanin ɗaki da hanya akwai taga. A ɗauka an auna desibel 60 a jikin bango da dare. Tagar da aka ɗan buɗe ba ta rage fiye da kamar 15, saura 45 ke nan, nesa da 30 da ake nema. Amma in aka rufe taga mai gilashi ruɓi biyu, nan take lissafi ya daidaita. Don haka hanya mafi arha ga magini ita ce ya rubuta cewa za a sa gilashi mai kauri, a bar tagogi a rufe. A kan takarda magana ta ƙare. A cikin ɗaki kuwa, an bar mai gida ya zaɓa tsakanin zafi da hayaniya.

Mu da muka san daren bazara ba sai an yi mana dogon bayani ba, amma a Ingila an jima ba a ɗauki zafi da muhimmanci ba. A watan Yuli na 2022 zafi ya kai digiri 40 a ƙasar, karo na farko a tarihin awo. Wata guda kafin nan, sashen O na dokokin gini ya fara aiki, wanda ya ce in buɗe taga zai sa ƙarar ɗakin kwana ta wuce desibel 40 da dare, to, kada a lissafa tagar cikin hanyoyin sanyaya ɗakin, a nemi wata dabara.

A ganina, rahoto nagari shi ne wanda aka yi tun kafin a zana gidan, ba bayan an gama ba. In an san inda ƙara ke fitowa da wuri, ana iya ja da ginin baya, a juyar da ɗakunan kwana su ba hanya baya, a sa matakala da kicin su tare hayaniya, ko kuma dogon gini ya zama garkuwa ga na bayansa. Gilashi shi ne makami na ƙarshe.

Akwai kuma haƙƙin wanda aka tarar. A da, sababbin mazauna kan kai ƙarar gidan kiɗa ko masana'antar da ta riga su zuwa, har a takura mata. Tun 2018 manufar tsara gari ta Ingila ta ɗora nauyin kariya a kan wanda ya zo daga baya, watau magini ne zai ɗauki matakan da suka dace kafin a kammala ginin.