Gindin Sandar Fatsa: Yadda Ake Yin Sa da Amfaninsa

Idan ana nazarin sana'ar su a ƙasar Hausa, akasari akan tsaya a kan koma da birgi da mamari da gora, a ambaci fatsa a wuce. Ko an tsaya a kanta ma, ƙugiya da zare ake dubawa. Ba kasafai ake kula da gindin sanda ba, wato wurin da masunci yake riƙewa, alhali kuwa a nan ne duk ƙarfin kifi yake tarewa.

Mu ɗauki misalin Jibiya ta Jihar Katsina, wadda take bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a kan hanyar Maraɗi. An kammala madatsar ruwan garin a kan kogin Gada a shekarar 1991, domin noman rani da samar da ruwan sha, sai kuma ta zama wurin kamun kifi. Mai fatsa a bakin irin wannan ruwa yakan gamu da ƙarfasa, wadda ba ta da wuyar ɗagowa, yakan kuma gamu da babbar tarwaɗa. Ita tarwaɗa idan ta ji ƙugiya sai ta nutsa ƙasa ta yi ta fizga. Da yake sandar doguwa ce, ɗan ja kaɗan a bakinta yakan zama nauyi mai yawa a wuyan hannu. Saboda haka sai masunci ya tokare gindin sandar a cikinsa ko a ƙugunsa, jiki ya ɗauki nauyin, hannu kuma ya ji da sarrafawa. Gindin da yake da kaifi ko tsaga zai ji masa ciwo. Mai santsi kuwa zai suɓuce, a yi asarar kifi da fatsar baki ɗaya.

Maganin da aka saba yi a gida mai sauƙi ne. Idan sandar ta gora ce, akan yanke ta dab da ƙarƙashin gaɓa, don gindin ya kasance a toshe kada ya tsage. Sai a goge bakin da wuƙa ko magagari, a yanko robar tsohon tif na keke ko na babur a naɗe wurin da ita tamau, ana ƙara kauri ta wajen ƙarshe. Dabarar ba baƙuwa ba ce: masassaƙi yakan bar ƙarshen ƙotar gatari da ɗan kauri don kada ta zame, baduku kuma yakan naɗe mariƙin wuƙa da fata.

A Turai da Amurka, inda ake kamun kifi don nishaɗi da ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙwaro da gashin tsuntsu, wannan gindi sana'a ce guda. Da kok ake yin sa, wato ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi. Kusan rabin kok na duniya daga Fotugal yake fitowa. Ba a fara ɓare itacen sai ya kai kimanin shekara 25, daga nan kuma sai bayan shekara 9-9, ba tare da an sare shi ba. An zaɓe shi ne domin ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa, ba ya santsi idan ya jiƙe, yana kuma ɗan lotsawa idan an tokare shi.

Mai aikin yakan samo kok da aka yanka zobe-zobe, kowane mai kaurin rabin inci, ya jera uku ko huɗu a kan siririn ƙarfe, ya shafa musu gam mai jure ruwa, ya matse su su kwana. Zoben ƙarshe akan sa na kok da aka gauraya da roba, saboda shi ne yake gogar ƙasa. Washegari sai a ɗora a injin juyi, ana gogewa da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ƙarshen ya yi dunƙule. Aikin da ya fi neman haƙuri shi ne faɗaɗa ramin tsakiya, domin sandar ba kaurinta ɗaya ba. Ramin da ya yi yawa gam ba ya gyara shi. Nan da nan gindin zai fara girgiɗi. Idan ya zauna daidai, sai a manna shi a ƙasan mazaunin kwarkwaron zare, wanda hakan yake nisanta kwarkwaron daga rigar mai kamun.

Ta fuskar harshe, ya kamata ɗalibi ya lura cewa ƙota da mariƙi da gindi ba abu ɗaya ba ne. Ƙota ita ce itacen da ake ɗora wa ƙarfe, kamar ta fartanya, wadda a karin harshen yamma ake ce wa ɓota. Mariƙi duk inda hannu yake kamawa ne. Gindi kuwa ƙarshen abu ne ta ƙasa. A ganina, kuskure ne a fassara sunan wannan yanki na sandar Turawa da ƙota, domin ba a riƙe shi, tokarawa ake yi. Matokari ya fi dacewa da shi, tun da an gina kalmar a kan tsarin da ya ba mu mabuɗi da madubi.